Matar da Dijatu Ta Ce Ta Mutu

A Filingue, in ka ga mace ta fita jego fes, da wuya in ba hannun Dijatu ne ya bi ta kanta ba. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan aiki: ta dafa ruwa da ganye, ta yi wa mai jego wanka, ta gasa mata ciki, ta murza nono har ruwa ya sauko. Wurin kakarta ta gada, can ƙauyensu na Kurfai. Gajeruwa ce mai faɗan tsiya, amma in ta ji wata na naƙuda, ko tuwonta na kan wuta sai ta bar shi ya ƙone. Shi ya sa duk macen da ta ji wani abu a ƙirjinta, Dijatu take fara nuna wa kafin mijinta ya sani.

Akwai magana ɗaya da ta riƙe daga kakar nan tata kamar karatun salla. In kullutu ya fito a nono, ya yi tauri, ba ya zafi, to daji ne, kuma kada a kuskura ƙarfe ya taɓa shi. Ko allura, ko wuƙar likita, da zarar sun taɓa shi sai ya fusata ya bazu cikin jiki. Maganinsa saiwa ce da jar kanwa, a niƙa a shafa, a rufe da tsumma, a yi haƙuri. In wata ta yi gardama, Dijatu na da hujja a shirye: Safi matar Kailu direba. Shekara bakwai da suka wuce mijin ya yi taurin kai ya ɗauke ta zuwa Yamai aka yanka ta, kuma wa ya sake ganin ta? Gaskiya ba wanda ya kawo wa Dijatu labarin mutuwar. Ta ga dai an rufe gidan, shekara ta zagayo shiru, sai ta yi wa Safi addu'a. Ta yi ta ba da labarin har ita kanta ta manta ba ta ga gawa ba.

Yanzu kuma ciwon ya shigo mata gida. Balkisa, 'yarta ta fari, mai 'ya'ya uku, ta baro ɗakinta ta dawo jinya wurin uwa. Dijatu da kanta take niƙa mata saiwar safe da yamma, ba ta yarda kowa ya taɓa.

A haka watan Oktoba ya zo, mutane na ta ɗaure damman hatsi, sai Madam Anisa, ungozomar likita, wato asibitin garin, ta aiko a gaya mata za a yi tattaki saboda ciwon dajin nono. Za a tashi daga meri, ofishin magajin gari, a ratsa ta kasuwa a ƙare a likita, a duba mata kyauta, abin da aka tara kuma a taimaki masu jinya. Madam ta san in Dijatu ta fito, rabin unguwa za su biyo ta. Dijatu ta yi dariya har da tafa hannu.

"Mu da ke tahiya gona da ƙahwa kullum, yau an ce mu yi tahiya don lada? To, Allah shi ba mu."

Ta je dai, don ba ta son a ce ta ƙi Madam. Ta kai tiyar wake gudunmawa, aka ba ta riga ruwan hoda ta zura kan atamfa, ta sauko mata har gwiwa. 'Yan matan lakkol, wato makarantar boko, na gaba da ƙyalle mai rubutu, mai lasifika na ta cewa a zo a duba da wuri, Dijatu kuwa na tsakiya tana yi wa na kusa da ita tsiya kan yadda suke haki.

Daidai tashar motocin Yamai wata mata ta matso gefenta, mai jiki, fuska cike, tana takawa da ƙarfi.

"Inna Dijatu, ina kwana? Ba ki gane ni ba?"

Dijatu ta ɗaga kai. Ƙafafunta suka tsaya cak, har ta bayanta ta yi karo da ita. Ta san wushiryar nan. Ta san muryar.

"Ni ta, Safi."

Dijatu ta ja da baya. Ta kalli ƙafafun matar, ta ga da gaske a ƙasa suke, da ƙura a kansu.

"Ke... ba ki mutu ba?"

"Wa yac ce miki na mutu?" Safi ta yi dariya. "Can Yamai munka zamna, Kailu ya samu mota. Madam ta kira ni in zo mata su gan ni."

Ba ta jira komai ba, ta kama hannun Dijatu ta shigar da shi ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora a ƙirji. Hannun da ya taɓa nonon mata ɗaruruwa ya ji wuri shafe, da dogon tabo ya warke lumui, zuciya na bugawa a ƙarƙashi lafiya lau. Dijatu ta lalluba hammata da yatsu, kamar yadda ta saba. Babu ko ƙwaya.

"Sun cire shi dut. Na sha wuya, Inna, gashina har ya zube, amma ga ni. Na ma sake haihuwa, da ɗayan nis shayar." Safi ta waiga cikin taron. "Ina Habsatu? Tare munka zo wurinki shekaran nan, nata ma bai kai nawa ba."

Dijatu ta kawar da kai. Habsatu ta bi maganarta sau da ƙafa, kuma ita Dijatun ce ta yi mata wankan gawa. Haka Mariya mai ƙosai. Haka wata baiwar Allah da ta zo daga Bonkuku a kan amalanke. Kowacce ta tafi, sai Dijatu ta ce kwana ne ya ƙare, ta yi kuka da gaske, ta koma niƙa saiwa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta fizge hannunta ta juya. Jama'a na gaba, ita tana kutsawa baya, mata na tambayar ko lafiya. Takalmi ɗaya ya fice ba ta tsaya ɗauka ba. Tsohuwar da ta haura sittin ta yi gudu a tsakiyar gari, masu shaguna na kallo baki buɗe.

Tun daga zaure ta ƙwala kira: "Balkisa! Balkisa!" Maƙwabta suka leƙo a firgice, don tun da ta haifi 'yar farin nan ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Balkisa ta fito tana dafe da ƙirji.

"Inna, mi ya hwaru?"

"Ɗauko hijabinki. Likita za mu."

Sun isa ana cikin duba mata a bayan labule. Da ganin fuskar Dijatu, masu layi suka dare. Madam Anisa ta kwance tsumman, ta goge saiwar da auduga a hankali, sai hannunta ya tsaya. Fatar ta yi baƙi ta tattare, gefe ya fara tsagewa. Ta taɓa hammata, ta daɗe a wurin, ba ta ce komai ba. Dijatu ta san irin wannan shirun, ita ma ta sha yin sa a kan 'ya'yan mutane.

"Tun yaushe?" in ji Madam.

"Damana biyu," in ji Balkisa.

"Damana biyu! Ga likita nan kusa da ku, mi ya hana ki zuwa?"

"Ba komi."

"Ƙarya takai," in ji Dijatu. "Ni na hana ta. Madam, hwaɗa min gaskiya, da sauran lokaci?"

Madam ta jawo takarda ta fara rubutu. "Gobe da sahe ku kama motar Yamai. Kada ku ƙara ko kwana guda."

Dijatu ta durƙusa gaban 'yarta tana ƙoƙarin gyara mata riga. Balkisa ta riƙe hannuwan uwar, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada na bayan labule su ji.

"Na zo bara, Inna. Sau biyu ina kawowa bakin ƙohwar ga, ina komawa."

"Don mi, ɗiyata? Don mi?"

"Kowa ya san ni ɗiyarki ta. In mata sunka gan ni nan, wa zai ƙara yarda da hannunki?"