Shekarar da Duk Makaranta ta Koma 'Yan Yakasai

Har gobe ina tuna ranar da Firinsifal ya kira ni ofis ya ce in fara ɗaure kayana. Lokacin ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a cikin birni, kuma ni ne malamin aji C.

Ga wanda bai sani ba, yaro yakan cika sunansa na makaranta da sunan unguwarsu ko garinsu. Firinsifal ɗinmu, Allah Ya ba shi lafiya, da wannan yake auna ƙwaƙwalwa. Mai sunan unguwar cikin birni irin Yakasai ko Mandawari ko Zaitawa a ƙarshen sunansa, aji A: benci, fanka, sabon allo. Mai sunan ƙauye kuwa, yawanci 'ya'yan 'yan dako da masu tireda, sai a turo min shi ɗakin da rabinsa ba rufi, ya zauna a ƙasa.

"Malam Sabo," in ji shi, "ajinka ne ke jawo mu baya. In bana ma haka ne, taransifa za a yi maka ƙauye, ka same su can tushe."

Raina ya ɓaci matuƙa. Mahaifiyata na kwance ba lafiya a Zaitawa, ni kaɗai ke kula da ita.

A makon ne Malam Ɗanjuma, ɗan dako, ya zo tambayar abin da ke cinye wandon ɗansa Habu. Na nuna masa simintin da suke zama a kai, na faɗa masa yadda ake rabon aji.

"To Malam, ai a Yakasai muke haya. Shi sunan, gadonsa ake yi?"

"Ban taɓa jin an hana kowa ba," na ce.

Ashe maganar ta zaga kasuwa. Ana dawowa hutu iyaye suka yi layi, kowa ya tuna ɗansa ɗan Yakasai ne, aka gyara suna a rajista. Da ganin sunayen, Firinsifal ya yi ta murna wai manyan gidaje sun dawo da 'ya'yansu makarantar gwamnati. Aji A ya cika har taga, nawa ya koma wurin hutun awaki. Dole aka raba A biyu, aka ba ni rabi a ɗaki mai rufi, da gargaɗin kada in lalata 'ya'yan mutane.

Da jarrabawa ta fito, Habu Yakasai ne na ɗaya. Firinsifal ya dafa kan yaron a gaban sufeton makarantu ya ce, "Ranka ya daɗe, jinin birni ke nan, ba ya ɓuya." Bara da bakinsa ya kira yaron nan daƙiƙi. Maganar taransifa ba ta sake tasowa ba.

Ku sababbin malamai, in an ce muku wani aji ba ya ja, kafin ku tambayi sunan garinsu ku leƙa ku ga a kan me suke zaune.