Rabin Magana Daga Hanyar Dundaye

Shekarar da gobara ta ci ɗakin Inna, ni aka aika in sayo wa unguwarmu rediyo.

A Ƙofar Kware muke zaune, cikin lungun da ko amalanke sai an karkata ta take shiga. Sana'ata saye da sayar da shanu, gadon gidanmu ne. Ranar da abin ya faru ina kara, kasuwar shanu, ana cinikin wani bijimi, rana ta take, aka kira ni a waya aka ce in zo gida. Kafin in iso an gama komai. Wutar lantarki ce ta dawo da ƙarfi, wayar wuta ta kama a rufin ɗakin. Inna mahaifiyata ce, ta daɗe ba ta iya tashi da kanta, matata kuma ta leƙa gidan suna a maƙwabta. 'Yan kwana-kwana sun zo, motarsu ta tsaya a bakin titi don lungun ya yi mata kaɗan, suka jawo mesa har cikin gida. Sun kashe wutar. Hayaƙi ya riga su.

Ban yi kuka ba. Masu ta'aziyya suna zuwa ina amsawa, ana kawo abinci ina ci. Da na koma kara, sai in tsaya gaban saniya ina shafa tozonta, mai ita yana ta faɗin kuɗi, ni kuwa ban san abin da nake dubawa ba.

Bayan an share makoki, aka zauna a ƙofar masallaci da la'asar. Wasu suka ce ranar gobarar layin waya ya yi ta wahala. Wani ya ce da unguwa tana da irin rediyon oba-obar nan ta ma'aikata, da tuni an kira 'yan kwana-kwana. Maganar ta karɓu. Mai unguwa, wanda abokin mahaifina ne tun suna samari, ya juyo gare ni.

"Ɗana, kai za ka tahi ka dubo muna."

Akwai waɗanda suka fi ni sanin kayan wuta a wurin. Ina jin so suke su ba ni abin yi. Na ce, "To, Baba."

An kwatanta mini wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Taramniya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsofaffin talabijin sun cika shi har rufi, wurin zama ɗaya ne, wani benci da ya sha mai. Mutumin zai yi sa'ana, da tabarau ɗaure da zare. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"Alhaji, wanda ni ka iya samo maka ji kawai shika yi. Ba shi magana. In kira kaka so, sai waya. Wanda aka magana da shi na ma'aikata na, ba a ba kowa."

Na koma na shaida wa mai unguwa. Yana jan carbi ya ce a saya duk da haka. In an ji motar kashe wuta ta taso wajenmu, samari sa kawar da babura da teburan masu awo daga bakin lungu. In an ji hanya ta toshe, masu fita sa sani. Washegari na sake komawa shagon.

Guda biyu ya ɗora a kan tebur. Ɗaya mai ɗan kauri, da abin murɗawa a samansa, fentinsa ya fara goguwa. Ɗayan sabo, siriri, fuskarsa tana haske. Na farkon ya kira shi analog, na biyun dijital. Ya yi mini bayani a tsanake, kamar yadda nake yi wa baƙon da bai san shanu ba. Ya ce yawancin 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da masu kula da haɗurran hanya har yanzu da tsohuwar hanya suke magana, kuma na farkon yana kama su. Kaɗan daga cikinsu sun koma sabuwar hanya, waɗannan in ka kunna tsohon ba abin da za ka ji sai gurnani kamar injin niƙa. Sabon yana kama duka biyun, amma sai an haɗa shi da kwamfuta an saita shi, kuma in ya lalace ba shi da kayan gyaransa. Wasu ma'aikatan kuma sun kulle maganarsu, ko wanne ka saya ba ka jin su.

"Tsohon, in mai magana ya yi nisa, kana jin shi cikin shuu, rabi da rabi. Sabuwar hanya kuwa ba ta da rabi. Ko ka ji ta tas, ko ka ji shiru."

Ya kunna su duka, muka zauna. Mun daɗe ba abin da ya fito daga cikinsu. Wata mata ta kawo fankarta ta tafi, aka kira azahar muka yi muka dawo. Can tsohon ya yi shuu, wata murya ta fito kamar daga ƙasan rijiya, wani direba yana cewa tayarsa ta yi faci. Jim kaɗan sabon ya buɗe baki. Ma'aikacin wata motar asibiti ne, yana cewa suna tafe da wata tsohuwa, a shirya gado. Na ji saukar numfashinsa, na ji har yadda ya haɗiye miyau. Kamar yana zaune kusa da ni a kan bencin.

Na ce, "Kashe wanga."

Ya kashe. Ya dube ni ta saman tabarau.

Na ce, "Ba ni tsohon."

"Ka sani dai, Alhaji, sannu a hankali duk za su koma sabuwar. Ba yau ba, amma za su koma."

"Na ji."

Da na kai wa mutanen unguwa, na ce musu tsohon ya fi sauƙi, kuma ana iya gyara shi a nan cikin gari. Gaskiya ne, suka kuma yarda.

A zaurena aka ajiye shi, aka ɗaure eriyarsa a jikin gora a saman katanga. Kwanakin farko zauren ba ya rabuwa da mutane. Kowa yana son ya ji. Da suka gane yawancin yini ba abin da yake fitowa sai shuu da maganar man mota da canjin aiki, suka ragu, har ya zama saura ni. Ina dawowa daga kara sai in shimfiɗa buzu in kunna. Na ji gobarar tukunyar gas a wata unguwa, na ji rumfar mai shayi ta kama, na ji babur ya yi karo da mota. Ina jin su yadda ake jin ruwan sama a kan kwano. Matata takan aiko da abinci zaure. Wata rana ta leƙo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, wai mi kaka jira shi ce maka?"

Na ce ban sani ba. Ta ɗauki kwanon jiya ta koma ciki.

Katangarmu ɗaya da wani dattijo, tsohon mahauci da ya bar aiki saboda ciwon gwiwa. Babban ɗansa direban babbar mota ne, yana ɗauko shanu daga kasuwannin arewa da mu. Motar kowa ya san ta a kara, kanta kore ne, ni ma ta sha ɗauko mini kaya. Ranar da zan ba da labarinta, cikin damina ce, an kwana ana ruwa, ban fita da wuri ba. Na san motar ta tafi lodi tun jiya, ana sa ran ta da hantsi.

Ina shan koko rediyon ya yi shuu mai tsawo. Mai maganar yana nesa, murya tana zuwa tana ɓacewa.

"...hanyar Dundaye... babbar mota ta shanu... koren kai... ta kwanta... direba... numfashi..."

Tsakanin direba da numfashi akwai kalma. Shuu ta cinye ta. Ko yana ne, ko ba ya, ban ji ba. Na murɗa, na ɗaga rediyon sama, na fita da shi tsakar lungu. Da muryar ta dawo, maganar motar asibiti ake yi, da cewa a tare hanya.

Na ƙarasa kokon. Na tuna wannan sosai, na shanye shi tas na kife ƙoƙon. Sannan na sa takalmi na shiga gidan maƙwabcina. Yana zaune a zaure ya miƙe ƙafafu, yana shafa musu man zafi.

"Baba, tashi mu tahi Dundaye."

"Lahiya?"

"Motar ta hwaɗi."

Ya ajiye kwalbar man. "Shi fa?"

"Ban ji ba."

"Ba ka ji ba, ko ba ka son hwaɗi?"

"Wallahi ban ji ba, Baba. Rabin maganar na samu."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi. Bai shiga cikin gida ya faɗa wa kowa ba. Na goya shi a babur. Duk hanya hannunsa yana riƙe da rigata ta baya, yana matsewa duk lokacin da muka shiga rami.

Mun tarar da motar kwance a gefenta, rabinta cikin gonar gero. Ƙasar gefen titi ce ta jiƙe ta zame da ita. An riga an tafi da direban. Wani manomi ya ce da aka ciro shi yana salati. Wani ya ce shi dai bai ga ya motsa ba. Dattijon ya saurari wannan, ya saurari wancan, ya zauna a kan kunyar gona cikin laka. Wani mai mota da ya san shi ya ce ya zo ya kai shi asibiti. Na taimaka aka sa shi a ciki.

Ni ban bi su ba. Shanun suna nan. Waɗanda suka tsira sun bazu cikin gonaki, mutanen ƙauyen suna tattaro su. Waɗanda suka karye suna kwance a jikin motar, wasu kan wasu, suna ta nishi. Na san mai su, na kira shi a waya, ya ce yana nesa, don Allah duk wadda ba za ta tashi ba a yanka kafin ta zama mushe. Aka kawo mini wuƙa daga wani gida, na wasa ta a jikin dutse. Manoma suna riƙewa suna juya su gabas, ina bisimilla ina yankawa. Na duba kowace kafin in sa wuƙa, wadda na ga za ta yi rai na ce a ja ta gefe. Jini ya gauraya da ruwan sama ya gangara cikin kunyoyi. Haka na yi ta yi har na gama da ta ƙarshe. Wani dattijo cikin manoman ya ce mini sannu da ƙoƙari, irin wannan aiki sai mai ƙarfin zuciya. Na ce yauwa. Ban ga amfanin in yi masa bayani ba.

Da la'asar aka kira ni daga asibiti. Direban yana da rai. Ƙafarsa ta dama ce ta niƙe, daga baya aka yanke ta daga gwiwa.

Bayan an sallamo shi, mahaifinsa ya shigo zaurena wata rana, ya zauna yana kallon rediyon.

"An ce akwai wani da ka bari a shago, mai fidda magana tas. Da shi ka ɗauko, da ka ji?"

Na ce zan tambaya. Na kuwa je Ƙofar Taramniya na tambaya. Mai gyaran ya ce a'a. Masu maganar ranar da tsohuwar hanya suke, kuma suna nesa, ko wanne ne a hannuna shuu ɗin ɗaya ce. Na dawo na faɗa wa dattijon haka. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla," ya tambaye ni kuɗin shanu a kara.

Abin da mai gyaran ya faɗa tun farko yana ta tabbata. Wasu tashoshin da na saba ji yanzu gurnani kawai suke yi. Mutanen unguwa sun sake zama, aka ce lokaci ya yi da za a sayo sabon. Na ce a aiki wani. An zaɓi wani malamin makaranta, har yau bai je ba.

Direban yanzu ɗan kamasho ne a tashar motocin shanu. In ya taso da yamma yakan biyo ta zaurena, ya jingine sandarsa a bango, ya zauna a bakin buzu. Ba mu cika hira ba. In aka ambaci wani wuri a rediyon, shi yake gaya mini ko ina ne, ya ce akwai kwana a nan, ko kwalbatin wurin ta daɗe da karyewa. Sai in ce haka ne. In aka kira magariba ya ɗauki sandarsa mu fita tare, ina rage sauri don kada in bar shi a baya.