Jemar da Bitrus Ya Dasa a Bakin Rafi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar abokina Bitrus, kuma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba sai yau. Ni tela ne, ba marubuci ba. Shi kuwa mutum ne da in ka yabe shi sai ya tambaye ka me kake nema a wurinsa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani al'amari da ke faruwa a bayan gidansa a Mararaba, a bakin rafin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyarawa. Al'amarin bai kwanta mini ba ko kaɗan. Matarsa, Maman Laraba, tana nan zaune a gidan, ga damina ta kankama, kuma ina tsoron kada ruwa ya raba ta da shi.

Bitrus direba ne, ayaba da lemo yake ɗaukowa daga kasuwar Zuba. Mutumin Filato ne, ni kuma daga Katsina na zo da keken ɗinkina. Gidan haya ne ya haɗa mu, kafin ya samu ɗan fili a ƙarshen unguwa ya gina ɗaki biyu. Rafin namu ba shi da suna. Daga kwalbatin babban titi yake fitowa, ya ratsa unguwar, ya gangara ya wuce ta bayan katangar Bitrus, gidan da ya fi kowanne zama cikin kwari. Da rani ɗan baƙin ruwan wanke-wanke ne ke bin cikinsa, akuya ma tsallake shi take yi. Da damina kuwa sai ka rantse ba shi ba ne.

Wata shekara aka tafka ruwan da ya shiga gidaje, ya jiƙa mini yadin mutane, ya tafi da kajin Maman Laraba. Washegari kowa na shanyar katifa, shi kuwa Bitrus yana bin gaɓa yana duba inda ambaliyar ta rataye ledoji da tsummoki a jikin ƙaya. Duk inda ya ga sharar ta tsaya sai ya kafa ɗan turke. Wallahi na ɗauka asarar ce ta taɓa masa kai. Bayan 'yan kwanaki ya je garinsu ya dawo da buhuna cike da saiwar jema, doguwar ciyawar nan da ake yin zana da ita a ƙauye, wadda saiwarta ke nitsewa ƙasa fiye da tsayin mutum. Ya bi turakun ya dasa ta layi biyu, ɗaya a kowace gaɓa.

"Malam," ya ce da ni da Hausarsa ta 'yan Filato, "daga wannan layi zuwa wancan na ruwa ne. Shi da kanshi ya nuna. Duk wanda ya shiga ciki, gidana ruwan zai zo ya rama."

Daga nan gayyar rafi ta samo asali. Ranar Asabar ake yi, don Juma'a tamu ce, Lahadi tasu. Kafin ruwan farko ya sauka zai bi gida-gida yana buga ƙofa da mukullin motarsa, ba ya sallama sau biyu. Masu shayi da 'yan ga-ruwa da masu faci, har da ma'aikatan da ke sammakon shiga Abuja duk mako, kowa ya naɗe wando ya shiga caɓi. Mata su kawo kunun zaƙi da ƙosai. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a taka su. Daga ƙasa ake fara yasa a hauro sama, domin in ka fara buɗe sama, ruwa zai taho da gudu ya tarar da ƙasa a toshe, ya faɗa gidajen da ke can. Ƙasar da aka yaso kuma ba a barinta a cikin layi, sai an tura ta a baro zuwa bayan jemar. Ita kuwa jemar, aske ta ake yi daidai gwiwa. Wanda ya tumɓuke ko ƙwaya ɗaya, ranar zai san Bitrus ya iya faɗa.

Kada in mai da shi waliyyi. Bitrus mutum ne mai zargi, zargin da ke gajiyar da na kusa da shi. Wani ɗan takara ya taɓa aiko mana da shebur sababbi fil, Bitrus ya ɗora su a motarsa ya mayar, ya ce shebur ɗin da ke ɗauke da hoton mutum ba rafi ya zo yasa ba. Muka yi ta mita, don namu duk sun cinye. Ni kaina bai bar ni ba. Wata rana ya ga ina zubar da 'yan guntayen yadi a bayan shagona, ya tsaya ya ce, "Oga tela, wannan kayan naka zan gan shi a bayan gidana ko?" Muka yi sati ba ma gaisawa. Akwai kuma ranar da wani bawan Allah mai fara'a ya tsaya a gaɓa yana yaba aikinmu, yana sa mana albarka. Da ya wuce na ce kai, mutumin kirki. Bitrus ya tofar da yawu ya ce, "Wannan ba rafi yake kallo ba, fili yake kallo." Na ce masa, haba Bitrus, kai dai ba ka yarda da kowa ba. Mutumin nan mai fara'a shi ne shugaban ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu a yau. Ciyaman muke ce masa, kuma a nan zan tsaya, ba zan kama suna ba.

Bayan rasuwar Bitrus gayyar ta yi ta ja baya. Mararaba wurin 'yan haya ne, wanda kuka shiga caɓi tare bana, baɗi ya koma Nyanya ko Masaka, wani ya shigo wanda bai san komai ba. Mukan fito mu 'yan tsiraru mu kwashe abin da ya sawwaƙa. Gwiwoyina ma sun fara ba ni amsa. Rafin ya cika da leda da robobin lemo, sauro ya yi mana kaka-gida.

Saboda haka da aka ce mana bana, tun da rani, wasu 'yan sa-kai za su zo daga cikin gari su taya mu, na yi murna. Suka zo kuwa, samari da 'yan mata cikin riguna iri ɗaya, da safar hannu da takalman roba. In faɗi gaskiya, sun yi aiki. Ba hoto kawai suka zo ɗauka ba, na ga yarinyar da ke jagorantarsu, Hadiza, cikin ƙazantar nan har ƙauri, tana jawo matacciyar katifa da hannunta. Ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri.

Amma tun safiyar ranar abubuwa suka fara yi mini wani iri. Ciyaman ne ya gayyato su, mutumin da ban taɓa ganinsa riƙe da shebur ba duk tsawon rayuwar Bitrus. Shi ya tarbe su, shi ya nuna musu inda za su fara, a bakin kwalbati, can sama. Na ce musu daga ƙasa ake farawa. Ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Baba Tela, zamani ya canza, ka bar yara su yi aikinsu." Can da rana ta ɗaga sai na ji ƙarar adduna. Na leƙa na ga ana sare jema tun daga tushe, wasu na bi da fartanya suna ƙwaƙule kan saiwar.

Na je wurin Hadiza. Na ce, 'yata, wa ya ce ku taɓa ciyawar nan? Ta rusuna ta ce, "Baba, ciyaman ne ya ce ita ke tara sauro da macizai, har ɓarayi na ɓuya a ciki. Ya ce mutanen unguwa ne suka roƙa." Ni dai mutumin unguwa ne, ban roƙa ba, ban kuma ji wanda ya roƙa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: gaɓa ɗaya kawai aka sare. Gaɓar da ke jingine da gidajen da aka riga aka gina, har da na Maman Laraba, an bar jemarta tsaye. Wadda aka share tas ita ce ta tsallake, inda fili yake kwance ba gini. Ashe macijin unguwarmu ya san gabas da yamma, gefe ɗaya yake kwana.

Ba a daɗe ba tifa ta fara zuwa. Jar ƙasa ake jibgewa a gaɓar da aka share, ana baje ta tana shiga cikin rafin kaɗan-kaɗan. Na tambaya, aka ce ƙarfafa gaɓa ake yi don kada ta zaizaye. Sai ga bulo, sai ga harsashin gini, jerin ɗakuna ƙanana masu kama da shaguna. Na wa ne? Leburorin suka ce su dai oga ne ya sa su. Wane oga? Kowa ya kau da kai. Muka je wurin ciyaman ni da Maman Laraba. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce shi ma abin ya dame shi, amma ai mai filin a cikin iyakarsa yake gini. Maman Laraba ta ce ba a nan rafin ya tsaya ba. Ya buɗe hannuwa ya ce, "To Mama, ina shaida? Nuna mini inda ya tsaya." Muka tashi muka fito, domin shaidar ita ce aka sare da hannun yaran kirki, a gaban idonmu, ana tafi.

Ba ni da hujjar cewa ginin nasa ne. Ban ga takarda ba, ban ji daga bakinsa ba. In na zalunce shi da zato, Allah ya yafe mini. Amma na ga yadda abubuwan suka biyo juna, kuma tela ya san in aka yanka yadi ta wata fuska, akwai rigar da ake nufi.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi bana, rafin ya taho da gudu daga saman da aka buɗe masa, ya tarar an matse masa hanya, ya karkato. Ya shiga kicin ɗin Maman Laraba ya kwashe gawayinta, ya bar layin laka a jikin bango. Wannan kuwa somin-taɓi ne, ruwan tsakiyar damina bai zo ba tukuna. 'Yarta da ke aiki a Idu ta zo da kuka ta ce uwar ta tattara ta koma wurinta. Tsohuwar ta ce ba inda za ta, a gidan nan aka fitar da gawar mijinta.

Nakan zauna a kan keke in rasa abin da nake ɗinkawa, ina tunanin me Bitrus zai ce da yana nan. Na san ba zai yi mamaki ba, wannan shi ya fi yi mini ciwo. Ba zai zagi yaran ba, ina jin ma zai so su, don yana son mai aiki. Amma tun kafin su sauko daga mota zai tare ƙofar ya tambaya wa ya kira su, me ya sa bana, me ya sa ta nan. Mu muna jin kunyar irin tambayoyin nan. Mutum ya zo taimako kyauta, ya za ka tsare shi da tambaya? Shi ba ya jin wannan kunyar, kuma shekaru muka yi muna ce masa mugun hali ne. Yanzu ga ni na gaje shi. Ko almajirin ɗinkina ya ce mini an kawo kyautar maganin sauro unguwa, sai na ji ina son sanin wa ya kawo. Ba daɗi zama da irin wannan zuciya, ban san yadda ya iya ba.

Makon da ya wuce Maman Laraba ta zo shagona da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, taso ka ga mutuminka." Na bi ta muka tsallaka rafin. A cikin jar ƙasar da aka jibge, bayan ruwan da ta sha, ga wasu korayen tsinkaye sun huda sun fito. Na durƙusa na murza ɗaya a yatsana. Jema ce. An sare kanta, an binne ta, amma fartanya ba ta kai inda saiwar take ba. Na ɗaga kai na bi ta da ido, layi ɗaya ɗoɗar, ya shiga ta ƙarƙashin bulon, ya ratsa tsakiyar ɗakunan da ake ginawa, ya fita ta wancan gefe. Rabin kowane shago a cikin hanyar ruwa yake. Sai hawaye suka zubo mini.

Na sa aka kira Hadiza. Ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ɗauki hoto, ta ce a hankali, "Baba, mu muka sare wannan." Ta ce za ta kai maganar inda ya kamata, kuma za ta dawo da mutanenta ranar Asabar, mu nuna musu yadda ake yi. Ko za ta dawo, ko za a saurare ta, ban sani ba. Abin da na sani shi ne shekaranjiya na ga wani mutum da tankin feshin kashe ciyawa a baya yana zagaya wurin, da ya hango Maman Laraba zaune a kan kujerarta a bakin layin tana ɓarar gyaɗa, sai ya juya. Tun ranar da tsiron ya fito, a wurin take wuni.

Motar Bitrus an sayar, waɗanda suka yi gayya da shi sun watse, yawancin masu zama a unguwar ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da ya rage nasa shi ne layin ciyawar nan da tsohuwar da ke gadinsa, sai kuma halin nan nasa da na yi ta kushewa. Ranar Asabar zan ɗauki tsohon shebur ɗinsa in sauka bayan katangarsa, daga ƙasa, inda ake farawa. Duk wanda ya zo taya ni ina maraba da shi, akwai kunu. Amma kafin ya taɓa ko tsinke ɗaya, sai ya gaya mini wa ya aiko shi.