Injin Da Ba Ya Barin Kala

A shekarun da ruwan kanal ya mai da Kura garin shinkafa, ni da wasu abokaina muka haɗa ɗan kamfanin ƙera injinan noma a wata rumfar kwano bakin titi. Ni aka ba shugabanci, ba don na fi kowa iya walda ba, sai don na fi kowa baki.

Injin bugun shinkafarmu na farko abin dariya ne. Ya buge rabi, ya watso rabi a jikin kara. Manoma suka yi ta yi mana tsiya. Na tsaya a kan mutanena har muka gyara haƙoransa, na kuma kafa doka: ba injin da zai fita daga rumfar nan yana jawo wa manomi asara.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne kala. Idan an buga shinkafa da hannu a jikin duro, akwai wadda ke maƙalewa a kara, kuma ba mai gonar da ke waiwayarta. Ta tsofaffin mata ce, su bi bayan masu bugu, su kakkaɓe, su shiƙe. Gwaggona da ke wajen Bunkure, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, da kalar nan take kaiwa damina.

Babban mai waldarmu ne ya fara yi mini maganar matan. "Maigida, mu ɗan sassauta haƙoran nan mana, a bar musu wani abu. Ba wanda zai gane."

Na ce ha'inci ne, manomi amana ya ba mu. Har yau ina ganin gaskiyata, sai dai gaskiyar ba ta taɓa sanyaya mini rai ba.

Da kaka na je wata gona in ga yadda injin ke aiki. Can gefe na hango gwaggo durƙushe cikin tulin kara tana kakkaɓawa, faifanta wayam. Kunya ta rufe ni, na so in laɓe bayan injin, amma ta riga ta gan ni. Ta taso da murmushi, ta kama hannuna ta ja ni wajen sauran matan.

"Ga ɗan nawa da ya ƙera shi," ta ce musu, kuma wallahi har zuciyarta alfahari take yi. "Tun safe nake nema, ko ƙwaya ɗaya bai bari ba. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Matan suka ce amin. Ni na kasa.