Kekunan Idris da Rancen Surukarsa

Idris mai hayar keke na Kawo taubashina ne, don haka ina da ikon faɗa: ban taɓa ganin mutumin da kunya ta cuta kamarsa ba.

Daga wajen Zariya ya zo Kaduna yana saurayi, ya zauna gindin mangwaro yana facin taya. Hannunsa na da kyau, bakinsa ne dai kamar an ɗinke. Ya auri Larai, ya tafi shekaru yana gyaran kekunan mutane, shi ko ƙararrawa bai mallaka ba. Uwar Larai, Gwaggo Zuwaira, mai man gyaɗa ce. Ita ta gaji da gani, ta sayar da saniyarta, ta aiko masa da kuɗin ta hannun 'yarta. Ta ce rance ne, ya ja jari, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya sayi kekuna uku ya fara ba da haya.

Shekarar nan, ana gab da zuwan Sarauniyar Turawa, malamin haraji ya zagayo da mai unguwa. Ya ga kekuna na ƙyalli, ya ɗauke Idris daga layin talakawa ya sa shi a na masu hali. Abin da aka yanka masa ba zai biyu ba sai ya sayar da keke ɗaya.

Na ja shi har zauren mai unguwa, na yi bayani. Malamin, Allah ya sani, mutumin kirki ne. Ya ce, "Ai rance ba samu ba ne. Ba a yanka haraji kan abin da za ka mayar. Wa ya ranta maka?"

Idris ya sunkuyar da kai. "Mutanen gidan su."

"Gidan su wa? Sunan fa?"

Wai shi ba zai kama sunan surukarsa ba! Na zungure shi har gwiwar hannuna ta yi zafi. Ƙarshe ni na faɗa. Malamin ya ce to, ta zo ta shaida da bakinta, magana ta ƙare.

Washegari Gwaggo ta zo da mayafinta. Tun daga jin sallamarta Idris ya tuɓe takalma, ya durƙusa a lungu yana kallon bango. Zaure kuwa cike da jama'a.

Malamin ya ce, "Iya, kina bin wannan bashi?"

Ta dubi mutane, ta dubi ƙeyar Idris, ta ja mayafi. "Ni? In bi ɗana bashi? Haba, Malam! Kyauta na ba shi."

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah! Ba zagi ba ne, taimakonsa za ki yi!" Ta ce in zauna, ba ta haifi 'yar da za a ce mijinta na cin bashin tsohuwa ba.

Malamin ya juya. "Idris, rance ne ko kyauta?"

Kalma ɗaya ta rage masa. Amma ya ƙaryata surukarsa a gaban jama'a? Ya ce wa bango, "Yadda ta faɗa."

"To, dukiyarka ce ke nan," in ji malamin, har da ɗan tausayi a muryarsa.

Raina ya ɓaci, na yi mako ban gaishe shi ba. Ya sayar da keken da ya fi so, mai koren fenti, ya biya haraji. Bai sake mallakar kekuna uku ba sai bayan shekaru.

Ran Juma'ar da ta biyo bayan makon fushin nan na leƙa gidansa don in huce. Na tarar yana ƙulle kuɗi a tsumma yana miƙa wa Larai.

Na ce, "Na mene ne kuma?"

Ya ce, "Na Inna ne. Biyan wannan makon."

"Ba ta ce kyauta ba?"

"A zaure ta faɗa."

Larai ta kai. Gwaggo kuwa ta karɓa, ta ce a gaishe shi.