Murfin Kwalba Ɗaya Kafin Mu Hau Mota

A lokacin shekaruna ashirin da 'yan kai, sana'ata bandar kifi. In kyafe a Nguru, in ɗaure a kwali, ranar kasuwa in bi mota zuwa Gashua da ɗana na fari a goye. Ina ji da kaina sosai, gani nake duk layin masu kifi babu wadda ta kai ni wayo.

Yaron mai kuka ne, ga zafi ga hayaƙi. Wata dattijuwa da muke zama kusa da juna, wadda duk muke ce wa Inna, ta ce wai su haka suka reni nasu: murfin kwalba ɗaya na maganin tari mai sa maye kafin a hau mota, shi ke nan sai ciniki. Ita ta nuna mini mai shagon da ke sayarwa ba tambaya, mutumin da carbi ba ya barin hannunsa, yana miƙo kwalba yana sa wa yaro albarka. Tir da wannan albarka! Yana wata biyar na fara ba shi. Sai ya yi laƙwas a bayana tun daga tasha har la'asar, matan layi suna ta yabo wai na haifi salihi, ni kuma sakarai ina washe baki. Da murfi ɗaya ya daina kama shi na mai da shi biyu, har a gida idan ina son hutu sai in ɗura masa.

Yana shekara biyu, wata rana na sauke shi a tashar Gashua na ga leɓɓansa sun yi baƙi, numfashi da ƙyar. A asibiti na fara da ƙarya, likitar ta tsare ni da ido har na faɗi gaskiya. Ta ce a shekarun nan ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, ni kuwa kullum ina kwantar da ita, kuma ba za ta yi mini alkawarin zai zama kamar sauran yara ba. Da na gaya wa Inna, ko kunya babu ta ce ai aljanun ruwa ne suka shafe shi, ta ci gaba da jera kifinta.

Yanzu shekarunsa tara. Ba ya iya zama wuri ɗaya, abin da aka koya masa da safe kafin azahar ya gudu, idan ransa ya ɓaci sai ya riƙa buga kansa da bango. Na raina mai shagon, na raina matan da suka yi yabo, amma babu wadda na raina kamar ni da na riƙe masa hanci ya haɗiye.

'Yan'uwana mata, jaririn da ke kuka lafiya gare shi, ku bar shi ya yi kukansa. Kwanan nan ɗana ya dawo daga makaranta ya tambaye ni me ya sa ƙanwarsa take gane karatu shi ba ya ganewa, ko laifi ya yi wa Allah.