Tsohuwar da ta ara mini baki

Jiya a mota jikata ta kwarara "O wa o!" da Yarbanci don direba ya tsaya, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Ina amarya a unguwar Sabo a ƙasar Yarbawa, zamanin soja, duk Talata nakan je kasuwar Ojoo karɓo kuka da daddawar sayarwa. A dawowa, kunya ba ta barina in ɗaga murya cikin maza. Sai motar ta wuce da ni Mokola, inda nake sauka, in dawo a ƙasa da kaya a ka.

Wata tsohuwa Bayarabiya mai tattasai ta lura.

"Amarya, ba Sabo za ki ba? Ina bakinki?"

"Iya, da maza a motar."

Ta yi dariya. "To zan ara miki nawa."

Tun daga ranar, ita ke tsayar mini da mota. Ban taɓa tambayar sunanta ba, don a gidanmu ba a tambayar babba suna. Wata Talata na shiga babu ita, shi ke nan.

Har yau in zan yi mata addu'a, sai dai in ce "mai tattasai". Ku wa kuke yi wa addu'a babu suna?